Direba a Kujerata

Lahadi, 20 ga Oktoba 2013, bayan Magariba

Yau aka koma aiki bayan hutun Babbar Sallah. Abu Nayif, mai kamfaninmu, ya shigo ya wuce teburina kamar bai ga mutum ba, ya je har bakin sito inda Mamane ke ɗaure tayil a bayan mota, ya ce masa, "Sabahul hair, ya muhandis." Injiniya ke nan. Shekarata shida ina kula da kwamfutocin wannan kamfani, haka aka rubuta a iƙamata, wato katin izinin zama da aiki da ake ba baƙi a ƙasar Larabawan nan, ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Ni "ya Bashir" ne. Ko sunan nawa, Basiru, bai taɓa damuwa ya faɗa daidai ba.

A kasuwar Dira na sayi wannan littafi da na fita sallar Azahar. Ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke raina, domin wanda na saba gaya wa komai shi ne Mamane. Ɗaki ɗaya muke zaune a unguwar Al-Badi'a shekara uku ke nan. Ga katifarsa can, ya fita sayo burodi.

Ba hassada nake ba. So nake in rubuta komai a jere, in ga inda abin ya karkace.

Litinin, 21 ga Oktoba, kafin fita aiki

Ni na kawo littattafan nan. Wannan ya kamata ya zama a rubuce.

Sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk odar kaya da takardun kwastomomi, da Linux take aiki. Wani Ba'indiye ne ya haɗa ta, ya koma ƙasarsu shekara biyu da suka wuce, ya bar mini kalmar sirri a jikin ƙaramar takarda. Ni a kwalejin da na yi a Zariya ba a koya mana wannan ba. Baƙin allo ne kawai, babu abin dannawa, sai ka rubuta umarni ta amsa maka. Ban gaya wa kowa ban iya ba. Tana aiki, na ƙyale ta.

Bara na ce bari in koya a ɓoye. Na ci karo da wasu littattafan zane na 'yan Japan a intanet, an mayar da su Turanci, kyauta ne. Labarin wata yarinya mai manyan idanu da kakanta ya mutu ya bar mata tsohuwar kwamfuta da shagon taliya, tana koyon umarni ɗaya a kowane babi, in ta yi kuskure gashinta ya mimmiƙe, gumi ya yi ta zuba. Na buga su a firintar ofis, kusan shafi ɗari uku. Na karanta babi biyu na ji kunyar kaina. Ni da difloma da 'ya'ya uku a gida, in zauna ina kallon katun? Na zuba su cikin kwalin takardun da ake naɗe kaya da su.

A can Mamane ya tsince su. Direba ne, mutumin Damagaram, aji shida kawai ya yi a makarantar Faransanci, Turancinsa na kan hanya ne. Ya kawo su ɗaki yana murna, wai, "Malam Basiru, ashe mutanen nan daga dama suke fara karatu, kamar allo." Na yi masa dariya sosai. Har na kira shi mijin 'yar Japan.

Litinin, bayan La'asar

Yana kai kaya wuraren gini a Dir'iyya, wani lokaci ya yi awa uku yana jiran a sauke. A nan ya karance su, da ƙamus a waya. Ya sayi wata tsohuwar laftof a kasuwar gwanjo, murfinta ɗaure da salatif, ya sa mata Linux da kansa. Ordinater yake ce mata, irin na Faransanci. Da ya roƙe ni in bar shi ya riƙa leƙa sabar in an tashi, na ba shi kalmar sirrin. Gani nake alfarma nake yi wa direba.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Ranar Alhamis ɗin kafin Sallah. Na ce zan rubuta komai, to.

Saba ta cika, ta ƙi karɓar sabuwar oda. Abu Nayif yana tsaye a kaina yana cewa yalla, yalla, wato in yi sauri. Ana bukatar wuri. Na duba intanet, na yi abin da kowa zai yi: na kwafo wani umarnin goge fayiloli na danna.

Bayan minti biyar babu odar ko mutum ɗaya a cikinta. Ta shekara huɗu.

Ban tuna abin da na ce wa Abu Nayif ba. Sai ga Mamane ya shigo karɓar takardar kai kaya, da ƙurar siminti a girarsa. Ya dubi allon, ya dube ni, ya ce a hankali da Hausa, "Malam, ɗan matsa." Na tashi. Ya zauna a kujerata. Ashe tun watan Ramadan ya jona wani tsohon faifai a bayan sabar, ya tsara mata kullum da azahar ta kwafe komai ta ajiye a ciki. Babi na sha ɗaya, in ji shi, inda yarinyar ta rasa lissafin girke-girken kakanta. Kafin a kira La'asar komai ya dawo.

Abu Nayif ya tambaye shi me ya jawo haka. Ya ce faifan sabar ne ya tsufa.

Ba faifai ba ne. Ya sani, domin saba tana ajiye tarihin duk umarnin da aka rubuta mata.

Laraba, 23 ga Oktoba, da rana

Muhandis sau huɗu yau. Na ƙirga.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Magariba

Mai bin takardun kamfani a ma'aikatu ya zo ya karɓi fasfon Mamane. A gabana.

Ga yadda abin yake. Hukuma ta ba baƙi wa'adi zuwa uku ga Nuwamba, kowa ya gyara takardunsa, aikin da ke jikin iƙamarka shi za ka yi, wurin wanda ya ɗauke ka. Iƙamar Mamane ta direban gida ce, da sunan Abu Nayif shi kansa, ba ta kamfani ba. Bayan wa'adin, in an tare shi da motar kamfani an gama da shi. Tun watan jiya ake maganar mayar da shi ƙarƙashin kamfani a matsayin direba, sai aka ce gurbin direbobi ya cika. Yanzu Abu Nayif ya samo hanya: za a rubuta shi ma'aikacin kwamfuta.

Kamfani mai kwamfuta tara. Me zai yi da ma'aikacin kwamfuta biyu? Iƙamata a watan Maris za ta ƙare.

Mamane ya sayo kaza da shinkafar kabsa don murna. Ya ce, "Yanzu za mu zauna ofis ɗaya, Malam Basiru, ka koya mini firinta da haɗa waya, ni ban san komai a can ba." Na ce cikina ba daɗi. Ya rufe mini rabona da faranti.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan masallaci

Na kira gida. Turai, matata, ta gama ba ni labarin yara sai ta ce, "Ina Mamane? Ka gaishe shi. Abin nan da ya gyara mana na kiran bidiyo bai sake yankewa ba." Na ce ni na gyara. Ta ce, "To," irin to ɗin nan nata.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Mamane ya tafi wanki, na ɗauki takardun katun ɗin daga gefen katifarsa. Duk sun yi laushi, ga man mota, ga shatin kofin shayi. Ya cika gefen kowane shafi da rubutu, wani da Faransanci, wani da ajami. A wani wuri yarinyar tana kuka don ta goge abin da bai kamata ba, ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya rubuta: a duba sau biyu kafin a danna.

Na karanta babi na uku. Na gane shi tsaf. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, babu wuya a ciki. Suna hannuna wata biyu kafin su je nasa.

Na cire shafi shida na sa a jakata.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan Azahar

Na shiga wurin Abu Nayif. Na faɗi abin da na faɗa.

Lahadi, bayan Isha'i

Ban yi ƙarya ba. Ina so in rubuta wannan da kyau: ban ce shi ne ba. Cewa na yi yana da kalmar sirri tun kafin abin ya faru, kuma haka ne. Na ce ba shi da takardar shaidar karatu ko ɗaya, in masu bincike suka zo suka tambaya kamfani ne zai sha, kuma haka ne. Na ce mutum ya san inda zai samo kwafin abu tun kafin abin ya ɓata, ni dai ban sani ba, Allah ne masani. Sai na ajiye masa shafukan nan shida a tebur. Na zaɓo waɗanda yarinyar ke sanye da guntun siket.

Abu Nayif mutum ne mai gemu da tabon sallah. Ya ɗaga shafi ɗaya da yatsa biyu, ya ce, "Da wannan ya koya?" Na ce da shi. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ka canza kalmar sirrin."

Na canza.

Mamane yana can yana waya da matarsa Balkissa, yana gaya mata in Allah ya yarda ya bar tuƙi.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma

An dawo masa da fasfonsa a cikin ambulan, ba bayani. Abu Nayif ya ce masa "ya Muhammad" kamar da, ya tura shi Dir'iyya da bututu. Ya tambaye ni ko na ji wani abu. Na ce wataƙila layi ne ya yi yawa a ma'aikatar.

Na zaci zan ji sanyi.

Laraba, 30 ga Oktoba, kafin fita aiki

Ya nemi shafukansa. Ya ɗaga katifa, ya zazzage jaka. Ya ce, "Babi na bakwai ne, na izinin fayil, wanda na fi so." Na taya shi nema.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Mun ci abinci wurin Malam Abduljalil, ɗan garinmu da ke karatun hadisi a jami'a. Mamane bai zo ba, ya ce kansa na ciwo. Na tambayi Malam, kamar a kan wani nake magana, in mutum ya faɗi gaskiya zalla amma ta cutar da ɗan'uwansa, yana da laifi? Ya ajiye cokali. Ya ce malamai sun raba abu biyu: akwai wanda ke son ya samu irin abin da ɗan'uwansa ya samu, wannan ba komai, akwai kuma wanda burinsa abin ya bar hannun ɗan'uwan ko da shi ba zai samu ba. Ya ce, "Shi mutumin naka, da ya gama faɗin gaskiyar, me ya ƙaru da shi?"

Na ce ban sani ba, ba ni ba ne.

Ya ce, "Na'am. To ka gaya masa saura kwana biyu wa'adi ya cika."

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Zan shiga wurin Abu Nayif yanzu. Zan ce ni na rubuta umarnin. Tarihin yana nan, zan nuna masa.

Lahadi, bayan Azahar

Na buɗe tarihin don in buga shi a takarda. Layin ba ya nan. Na ranar Laraba yana nan, na bayan Sallah yana nan, na wannan Alhamis ɗin an share shi tas. Tun ranar ya share, yana zaune a kujerata, ina tsaye a bayansa ban ma gane abin da yake yi ba.

Wa ya roƙe shi? Wa ya ce masa ina bukatar a rufa mini asiri? Direba ya ji tausayina, ya yi shiru, ya sayo mini kaza, kwana ashirin da huɗu yana kallona ina cin abinci.

Na shiga ofishin Abu Nayif duk da haka. Ya ɗago kai ya ce, "Na'am, ya Bashir?" Na ce tawadar firinta ta kusa ƙarewa.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da safe

Wa'adi ya cika, an fara kame. Titi fayau. Rabin shagunan Dira a rufe. Mamane yana ɗaki.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan Magariba

Kwana huɗu bai fita ba sai masallacin unguwa. Motar tana ajiye a sito. Abu Nayif ya aiko masa da zaɓi biyu: ya koma gidan shi Abu Nayif ya riƙa kai matan gidan kasuwa da yara makaranta, yana kwana a ɗakin bakin ƙofa, ko a buga masa bizar fita daga ƙasar ta dindindin.

Ya ce fita. Na ce ya yi tunani, gida babu aiki. Ya ce, "Na yi tuƙi shekara sha ɗaya, Malam Basiru. Na riga na gaya wa Balkissa na bari."

Sai ya jawo laftof ɗinsa, ya ce in matso. Wai kafin ya tafi sai na iya kwafin ajiyar nan da hannuna, yadda ake duba ya yi, da yadda ake dawo da shi. Na ce na iya. Ya ce, "To rubuta in gani." Na zauna hannuna a kan madannai. Ya jira. Bai yi dariya ba, da ma ya yi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan Isha'i

Kwana na huɗu ina ɗalibinsa. Ba ya faɗa, ba ya yabo. In na yi kuskure sai ya ce, "Sake." Ya sa na goge babban fayil da gangan a laftof ɗin, na dawo da shi, sau biyar. Ya iya koyarwa. Ko wannan ma ya fi ni.

Ba hassada nake ba, na rubuta a shafin farko. Na koma na karanta.

Talata, 12 ga Nuwamba, da rana

Abu Nayif ya ce za a sabunta iƙamata a Maris, in kwantar da hankalina. Ashe bai taɓa niyyar sallamata ba. Ya ce da so ya yi ya buɗe reshe a Dir'iyya ya sa ɗayanmu a can.

Na je banɗaki na daɗe.

Asabar, 16 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na raka shi filin jirgi da safe. Jaka biyu, da bargo na Balkissa, da laftof a hannu. A mota, da muka wuce gadar ƙarshe, ya ce zai yi kewar shawarmar kusa da masallacinmu.

A bakin ƙofar shiga na riƙe hannunsa na ce, "Mamane, akwai maganar da nake so in gaya maka. Ni na je wurin Abu Nayif."

Ya ce, "Na sani."

Na ce tun yaushe.

"Tun ranar da aka mayar mini da fasfo. Na shiga ofishinsa karɓar makulli, na ga babi na bakwai a kwandon shara. Da rubutuna a gefe."

Washegarin ranar ne ya ɗaga katifa yana nema, ni kuma ina taya shi. Na ce to me ya sa ya nema a gabana. Ya ce, "Na ɗauka za ka faɗa."

Mutane suna ture mu da kaya. Na ce ya yafe mini. Ya ce yafiya ba a tsaye ake yin ta a bakin ƙofa ba, in ba shi lokaci. Na ce to me ya sa ya zauna kwana tara yana koya mini, bayan ya sani.

Ya gyara riƙon laftof ɗinsa. Ya ce, "Ba don kai ba ne, Malam Basiru. Sabar nan ni na tashe ta. Ba na so ta mutu a hannunka."

Ya ba ni hannu, ya shiga.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ɗakin ya yi girma. Turai ta tambayi labarin Mamane, na ce ya koma gida, takardu ne ba su yi ba. Ta ce Allah sarki, mutumin kirki.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, bayan masallaci

Malam Abduljalil ya ce sun yi waya da Mamane. Wai wata makaranta a Damagaram tana da tsofaffin kwamfutoci ashirin da aka jibge a ɗaki, an ce ya je ya gani ko zai tashe su. Ba a yi maganar albashi ba tukuna. Malam ya ce muryarsa da daɗi.

Kwamfuta ashirin. Ni tara gare ni.

Astagfirullah. Har yanzu.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya

Saba ta fito da wani saƙo da ban taɓa gani ba, kwafin jiya bai yi ba. Na gwada duk abin da ya koya mini. Na rubuta masa saƙo a waya, da gaisuwa da tambayar iyali da hoton allon. Na goge. Na sake rubutawa. Yana nan ban tura ba.

Litinin, bayan Azahar

Na tura.

Ya amsa cikin minti huɗu. Layi biyu, umarni kawai, babu sallama, babu sunana. Na duba sau biyu na danna. Ya yi aiki.

Na rubuta masa na gode. Alamar ta nuna ya karanta.